KWAƊON KIFI DA RIƊI: ABIN TAƁAWAR MAI CIWON SUKARI A ƘASAR DOYA

Daga Wakilinmu a Lafiya

Arikya gari ne na manoma a cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, kuma wanda ya je can da kaka ba sai an gaya masa abin da ƙasar take bayarwa ba. Zai ga doya a jibge a ƙofar gidaje, da rogo a shanye, da masara da dawa ana ta kai su rumbu, ga kuma riɗi an yanke an jingine shi dami-dami yana jiran ranar kakkaɓa. Baƙo ba ya barin gidan mutum sai an kirɓa masa sakwara. To, a cikin wannan yalwa ne na tarar da wani kawuna, tsohon malamin makarantar firamare, yana fama da yunwa alhali kuwa rumbunsa cike yake.

Dalili kuwa shi ne ciwon sukari. Shekara biyu ke nan da aka auna jininsa a wani asibiti a garin Lafiya aka tabbatar masa da ciwon, bayan ya daɗe yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Likita ya ba shi magani, ya ce ya rage doya da rogo da shinkafa da burodi, ya kuma rabu da sukari da lemon kwalba. Da ya komo gida sai masu zuwa dubiya suka ɗora nasu. Wannan ya hana shi nama, wancan ya hana shi mai, wani ya hana shi gyaɗa, har ya zamana ba abin da ya rage masa sai faten acca da wake.

Abincin safe da na dare duk ya saba da su. Wahalarsa tana tsakanin azahar da magariba ne, lokacin da dattawa kan zauna a gindin mangwaro, 'yan talla suna ta kai da kawowa da soyayyar doya da fanke da dafaffen rogo da rake. Kowa ya saya ya taɓa, shi kuwa sai kallo. Ya ce da ni, "Ɗana, ba tuwon dare ne ke sa ni karya dokar likita ba. Yunwar la'asar ce. In na daure yau na daure gobe, jibi sai ka ga na aika an sayo mini fanke a ɓoye."

Wannan magana ta kawu ita ce ta sa na yi wannan rubutu, domin na tabbata akwai dubban irinsa a cikin masu karatu, ko kuwa a cikin iyayensu.

ABIN DA YA CI DOMA

Can a da, mutanenmu sun ɗauki ciwon sukari ciwon masu hali ne na birni, watau manyan ma'aikata da attajirai waɗanda ba sa tafiya ƙasa. Yanzu kam zancen ya sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu wannan ciwo a duniya sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a shekarar 2022, kuma ƙaruwar ta fi sauri a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Har ila yau ta ce fiye da rabin masu ciwon ba sa shan wani magani a wannan shekara ta 2022.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma garuruwan nan biyu duka a Jihar Nasarawa suke. Abin da ya sami birni ya iso ƙauye. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, maganin feshi ya rage noman fartanya, mai shayi da burodi ya kafa teburinsa a kowace mararraba, lemon kwalba kuwa ya zama abin tarbar baƙo a wurin suna da biki. Irin lemon nan na yau da kullum yana ɗauke da wajen giram 10 na sukari a cikin kowane mililita 100, watau kwalbar rabin lita ta tashi a kan wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12 ke nan. Wannan kuwa shi ne kusan iyakar sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum mai lafiya ya tsaya a kai a yini guda. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a cikin Dokar Kuɗi ta 2021, amma duk wanda ya halarci taron biki tun daga lokacin ya san ba a daina sha ba.

ME AKE NUFI DA RAGE SITACI?

Ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa ake ce wa mai ciwon sukari ya rage doya, alhali ba ta da zaƙi kamar rake. Doya da rogo da shinkafa da masara da alkama duk abinci ne masu sitaci. Idan sitaci ya shiga ciki, sai jiki ya narkar da shi ya zama sukari ya bi jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, aikinsa shi ne ya shigar da sukarin nan cikin tsoka da sauran sassan jiki don su yi amfani da shi. Mai ciwon sukari ko dai insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko kuwa jikinsa ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru a jini, a kwana a tashi ya lalata idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

A cikin giram 100 na ɗanyar doya akwai wajen giram 28 na sitaci da danginsa. Burodi kuwa kusan rabin nauyinsa sitaci ne. Amma kifi ba shi da sitaci ko kaɗan, sai abin gina jiki da mai. Riɗi kuma kusan rabinsa mai ne. Abinci mai gina jiki da mai maiƙo sukan daɗe a ciki, su tsare yunwa, kuma ba sa tayar da sukarin jini farat ɗaya kamar yadda fanke ko garin kwaki ke yi.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Tun a shekarar 1797 wani likitan sojan Ingila mai suna John Rollo ya buga bayanin yadda ya yi jinyar masu ciwon sukari da abincin nama da mai. A 1863 wani mutumin Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi a kan yadda ya rage ƙiba ta barin burodi da sukari da dankali. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, kusan ba abin da likitoci ke da shi sai tsarin abinci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gano shi, Frederick Banting, ranar 14 ga Nuwamba aka haife shi, shi ya sa aka keɓe wannan rana a kowace shekara don tunawa da masu ciwon sukari a duniya. A Amurka kuma wani likita, Robert Atkins, ya sake farfaɗo da zancen rage sitaci da littafinsa na 1972, kuma daga nan ne matan Turawa suka shiga ƙirƙiro abubuwan taɓawa iri-iri marasa sitaci.

KIFIN DA YA ZO DAGA TEKU

Ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa ne 'yar kawu, wadda ke karatu a garin Lafiya, ta gani a wayarta, ta ce sai ta yi wa mahaifinta. Turawa sukan buɗe gwangwanin kifin tuna, su tsiyaye ruwan, su dagargaza kifin, su cuɗa shi da cuku mai laushi ko mayonis, su sa albasa da lemon tsami da masoro, har ya yi kauri ya yi santsi. Sa'an nan su yanka kokwamba ko wani ɗanyen ganye su riƙa dangwala suna ci.

Shi tuna kifin ruwan gishiri ne, ba ya zama a kogi. Ana kama shi da yawa a tekun da ke kudu da mu, kuma tashoshin Tema a Gana da Abijan a Kwaddebuwa da Dakar a Senegal sun yi suna wajen sauke shi da zuba shi a gwangwani. A Tema ne kamfanin Pioneer Food Cannery yake, wanda ya daɗe yana aika kifin gwangwani zuwa Turai. Naman tuna yana da tsoka, ba shi da ƙananan ƙayoyi, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ko fiye abin gina jiki ne.

Amma kafin gwangwani ɗaya ya taso daga bakin teku ya iso kanti a Lafiya, ya sha kuɗin jirgi da na kwastan da na mota. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Yarinyar ta sayo gwangwani ɗaya da ƙaramar kwalbar mayonis, ta haɗa, kawu ya ci ya yaba. Da ya ji abin da aka kashe sai ya ce a bar shi da yunwarsa, kuɗin fanshonsa ba za su ɗauki wannan ba.

Matar kawu, wadda muke kira Inna, ita ce ta warware matsalar. Ta ɗanɗana abin da ya rage a kwano, ta dubi 'yarta ta ce, "Ke 'yar nan, ashe kwaɗo kika yi. In dai wannan ne, ai ba sai an je kanti ba."

Gaskiyar Inna ce. Matan ƙasar nan sun daɗe suna kwaɗa zogale da rama da garin ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Abin da Turawa suka ƙara kawai shi ne kifi da kuma abin da zai sa haɗin ya yi laushi. Kifi kuwa ba baƙo ba ne a jihar da Kogin Binuwai ya bi ta kudancinta, ga Kogin Mada, ga bandar da ke shigowa daga Makurɗi da Ibi har da Baga ta bakin Tafkin Chadi. Riɗi kuma Jihar Nasarawa tana sahun gaba wajen nomansa tare da Jigawa da Binuwai, sai dai akasarinsa fatake ke saye a buhu a kai shi Ikko a fitar da shi ƙasashen waje, manomin da ya shuka shi bai ci ko mudu guda ba. Kindirmo yana kan Fulani a kowace ranar kasuwa. Hatta gishiri akwai na Keana da na Awe.

YADDA INNA TA HAƊA NATA

Na zauna a tsakar gida na ga yadda ta yi, ga shi kuma na kawo wa mai karatu. Wannan awo ya ishi mutum uku ko huɗu.

Ana bukatar bandar tarwaɗa matsakaita guda biyu, da riɗi rabin gwangwanin madara, da kindirmo mai kauri babban cokali shida, da ƙaramar albasa ɗaya, da attaruhu ɗaya, da lemon tsami ɗaya, da ɗan gishiri. Mai son ƙamshi ya ƙara 'yar citta ko masoro ko ƙwayar tafarnuwa.

Da farko ta jiƙa bandar a ruwan zafi har ta yi laushi, ta wanke ta sarai saboda yashi da toka, ta cire kai da fata. Sa'an nan ta zauna ta bi tsokar da yatsa tana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Nan ne aikin yake, kuma ba a yin sa da gaggawa, domin tsoho da yaro ne za su ci. Bayan haka ta ɗora tsokar a wuta da ruwa kaɗan ta tafasa na ɗan lokaci, ta tsame ta bar ta ta huce.

Riɗin kuwa tun da safe ta rege shi ta fitar da tsakuwa, ta shanya a faifai ya bushe. Ta zuba shi a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, tana juyawa ba tsayawa har ya soma tsalle yana ƙamshi. Ta ce da zarar ya yi duhu ya ƙone, in ya ƙone kuwa ɗaci zai yi, ba abin da zai gyara shi. Da ya huce ta zuba a turmi ta yi ta kirɓawa har ya daina zama gari, ya fitar da mai ya dunƙule kamar tunkuza. Wannan kirɓaɓɓen riɗi shi ne ya tsaya a madadin mayonis.

Ta zuba kifin a kan riɗin a cikin turmi, ta sa albasa da attaruhu, ta daka sama-sama yadda kifin zai dagargaje amma ba zai zama kunu ba. Ta kwashe a kwano mai tsabta, ta riƙa zuba kindirmo cokali-cokali tana juyawa har ya yi kaurin da in an tsoma yankan gauta zai ɗauko ba ya zuba. Lemon tsami da gishiri su ne na ƙarshe, kuma sai da ta ɗanɗana kafin ta sa gishirin, domin wata bandar da gishirinta take zuwa.

Wanda ya sami gwangwanin tuna, ko na sadin, haka zai yi, sai dai ba jiƙo ba tafasawa. Ya tsiyaye ruwan gishirin ko man da ke ciki kawai. Wanda ba shi da riɗi ya soya gyaɗa ya niƙa. In lokacin fiya ne, rabin nunanniyar fiya tana iya tsayawa a madadin kindirmo.

ABIN DA ZA A DANGWALA

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. In aka gama wannan haɗi aka shafa shi a kan burodi, ko aka ci shi da soyayyar doya, to an koma gidan jiya. Abokan cinsa su ne yalo da gauta da kokwamba da ganyen kabeji da tattasai ɗanye, a wanke su da ruwa mai tsabta a yanka dogo-dogo. Karas ma ya yi, ko da yake ya ɗan fi su zaƙi. Awara, wadda ake yi da waken suya, ita ma ba ta da sitaci mai yawa, kuma ta fi riƙe ciki. Dafaffen ƙwai in aka raba shi biyu aka ɗora kwaɗon a kai, ya ishi mutum har magariba.

HATTARA DAI

Wajibi ne a faɗi gaskiya: wannan kwaɗo ba maganin ciwon sukari ba ne, abinci ne kurum. Kada wani ya karanta wannan ya ajiye ƙwayoyinsa ko allurarsa. Haka kuma mai shan magani ko mai allurar insulin kada ya yanke sitaci gaba ɗaya dare ɗaya ba tare da sanin likita ba, domin sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa ainun, mutum ya kama gumi da makyarkyata da jiri, har ya suma. Wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda shi ma ya tambayi likita yawan kifi da naman da ya dace da shi.

Na biyu, gishiri. Ciwon sukari da hawan jini sukan tafi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma da na miya da na dunƙulen ɗanɗano duk a ciki. Kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa.

Na uku, a lura da bandar da ake saye. Wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah sukan fesa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, kuma Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan zuba irin wannan guba a kayan abinci. Masu karatu za su tuna cewa saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a shekarar 2015. Bandar da ke warin magani a bar wa mai ita. Haka nan gyaɗa ko riɗin da ya yi funfuna, domin funfunar tana haifar da gubar da ke lalata hanta. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko kwanan watansa ya wuce, a jefar da shi. Mata masu ciki kuma kada su mai da tuna abincin kullum, saboda manyan kifayen teku sukan tara zaiba a jikinsu.

Na huɗu, kindirmo ya zama na dafaffiyar madara, wanda ba a sa masa sukari ba. Yogot ɗin roba da ake sayarwa a tasha akasarinsa cike yake da sukari. Ƙuli-ƙuli ma akwai mai sukari, sai a tambaya.

Na biyar, ajiya. Kifi da nono ba sa jure zafi. Inda ba firji, ko akwai shi ba wuta, a yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya. Kada ya wuce awa biyu a ajiye, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Sa'an nan riɗi mai ne, mai kuwa yana sa ƙiba in ya yi yawa. Babban cokali uku ko huɗu sun ishi mutum ɗaya.

KIRA GA HUKUMA DA JAMA'A

Abin da na gani a Arikya ya nuna mini cewa ba hana mara lafiya cin abu ne kaɗai aikin asibiti ba, har da gaya masa abin da zai ci a madadinsa, kuma daga cikin abin da ke kasuwar garinsu. Takardar tsarin abinci da aka kwafo daga littafin Turawa, mai ambaton cuku da tufa da burodin alkama tsantsa, ba ta da amfani ga manomin da ke mil da yawa daga babban kanti. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa da ƙananan hukumomi su horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara a kan wannan fanni, su kuma wadata su da na'urar awon sukari, domin mutum ya san matsayinsa tun ciwo bai kai ga ido ko ƙafa ba. Gidajen rediyo ma suna da rawar da za su taka a shirye-shiryen mata. Su kuma masu zuwa dubiya, don Allah su bar wa likita aikinsa.

Ranar da zan baro Arikya na bi ta gindin mangwaron nan da la'asar don in yi sallama. Na iske kawu da ɗan kwanonsa a rufe da faifai, da yankakken yalo a gefe. Mai fanke ta zo ta wuce bai ko ɗaga kai ba. Kukansa ɗaya ne yanzu, wai abokan zamansa, waɗanda ba abin da ke damunsu, sun fi shi sa hannu a kwanon, har Inna ta ce daga ranar kasuwa mai zuwa kowa ya kawo bandarsa.